Kotu ta yanke wa makasan Shukri Belaid hukunci, mu kuma ina namu suka kwana?

Barista: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa. Kun ga labarin Tunisiya na wannan watan na Maris 2024 kuwa? Kotu ta yanke wa mutum 4 hukuncin kisa, 2 ɗaurin rai da rai, kan kashe Shukri Belaid. Mutum 23 aka gurfanar, wasu sun sha shekaru wasu an sallame su. Shekara 11 ana jan shari'ar nan amma dai an yanke hukunci.

Shamsu mai waya: Wa alaikumus salam Barista. Waye kuma Belaid, ɗan ƙwallo ne?

Barista: Kai Shamsu Allah ya shirye ka. Lauya ne ɗan adawa, ɗan ra'ayin gurguzu, yana cikin masu caccakar jam'iyyar Ennahda ta su Rashid Gannushi lokacin da take mulki bayan an kori shugaba Ben Ali. Ranar 6 ga Fabrairu 2013 da safe ya fito daga gidansa a birnin Tunis zai tafi aiki aka buɗe masa wuta a ƙofar gida, yana da shekara 48. Daren da za a kashe shi ma sai da ya fito a talabijin yana kukan cewa ana ɗaure wa 'yan daban siyasa gindi. Ranar jana'izarsa ƙasar tsayawa ta yi cak, ƙungiyar ƙwadago ta kira yajin aiki, an ƙona ofisoshin Ennahda a wasu garuruwa, kafin wata ya ƙare firaminista Hamadi Jebali ya ajiye aiki.

Abba Daura: To ai irin mutanen nan ne masu cewa a raba addini da mulki, a mayar da Musulunci cikin masallaci a kulle ƙofa. Ni ban ce a kashe shi ba amma wlh ba zan ɓata hawayena ba, akwai waɗanda suka fi shi cancantar a yi musu kuka

Maman Ilham: Haba Abba, cikin azumi kake wannan magana. Mutum ya bar mata da 'ya'ya mata biyu ƙanana, an harbe shi a ƙofar gidansa ba kotu ba alƙali ba shaida. Ba wanda ya roƙe ka hawaye, ka ce abin da aka yi zalunci ne ka tsaya nan.

Malam Habibu: Bismillah. Abba ka janye wannan, jinin mutum ba abin wasa ba ne. Ko da mutum ya aikata abin da shari'a ta tanadar wa hukuncin kisa, ba kai ko ni za mu zartar ba, aikin hukuma ne bayan alƙali ya zauna ya ji kowane ɓangare, malamanmu ba su yi saɓani a nan ba. Wanda ya hau babur ya je ya harbe mutum don ra'ayinsa ɗan ta'adda ne ko gemunsa ya kai cibiya. Wannan ɗaya kenan. Na biyu kuma Barista, kada a ba yara labarin rabi, su ɗauka 'yan ilmaniyya na Tunisiya, wato 'yan sekula masu raba addini da mulki, waliyyai ne. Ƙasar nan fa ita ce ƙasar Ƙairawan, garin mai Risala ɗin nan da muke karantawa a zaure tun muna yara, ƙasar jami'ar Zaituna. Burgiba, shugaban ƙasar na farko, ya zo ya karya lagon Zaituna, ya rushe kotunan shari'a, ya haramta auren mace fiye da ɗaya a 1956, ya ɗaga kofin lemo ya sha a bainar jama'a da rana tsaka cikin Ramadan wai azumi na hana aiki. A 1981 suka fitar da takardar hana hijabi a makarantu da ma'aikatun gwamnati, Ben Ali ya zo ya ƙara tsanantawa, dubban 'yan Ennahda suka ruɓe a gidan yari. To mutumin da aka cire wa uwarsa mayafi a ƙofar ofis in ya ji an ce sekula me kake so ya ji a ransa?

Barista: Allah gafarta Malam ban musa ko ɗaya ba, duk an yi. Amma ai Belaid ba Ben Ali ba ne, shi ma ƙarƙashin Ben Alin ya sha wuya, shi ya tsaya wa mutanen Gafsa masu haƙar ma'adinai a kotu bayan boren 2008 lokacin da kowa ke tsoron buɗe baki. Kama-karya daban, ra'ayin mutum daban. Ben Ali bai bar mai gemu ba bai bar ɗan gurguzu ba, ɗaki ɗaya ya zuba su.

Abba Daura: Dimokuraɗiyyar ma ai yaudara ce Yaya Barista. Aljeriya Disamba 1991 jam'iyyar Musulunci ta FIS ta ci zagayen farko na zaɓe, soja suka soke a Janairu, aka yi shekaru ana zubar da jini, Faransa ta ce uffan? Masar Mursi ya ci zaɓe 2012, shekara ɗaya Sisi ya tuntsurar da shi, aka karkashe ɗaruruwan mutane a dandalin Rabi'a rana ɗaya, ya mutu a cikin kotu 2019. In su suka ci sunanta dimokuraɗiyya in mu muka ci sai a ce ƙasa na cikin haɗari. Ita kanta Ennahda kujera 89 ta ci cikin 217 a 2011, ba wanda ya kamo ƙafarta, amma da aka kashe mutum ɗaya sai aka ce ta sauka

Barista: Mutum biyu. 25 ga Yuli 2013 aka sake harbe wani ɗan adawar, Muhammad Brahmi, shi ma a ƙofar gidansa gaban iyalinsa, kuma ministan cikin gida na gwamnatin da kansa ya ce bindiga ɗaya ce ta kashe su duka. Gwamnatin Ennahdar ce ta ayyana ƙungiyar Ansarus Shari'a a matsayin 'yan ta'adda a Agusta. Abin da ake tuhumarta da shi sakaci ne, ta ga samarin nan suna karɓe masallatai suna kafirta mutane a kan mumbari suna kiran sunaye ta yi ta lallashinsu wai 'ya'yanmu ne za su hankalta. Matar Belaid kai tsaye ta ɗora wa jam'iyyar laifi, Gannushi ya ce ba hannunsu kuma ya yi tir da kisan.

Baba Mamman: Yara ku dakata in sa baki, ni ban iya rubutu da sauri ba jikana ke taya ni. Kuna ta tafiya Tunisiya da Masar kamar nan gida ba a yi ba. 10 ga Yuli 1981 a Kano aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa, bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero. An ƙona gidan rediyo, an ƙona ofishin jarida, aka bi shi har gida. Mu 'yan PRP na Katsina lokacin muna ƙarƙashin jihar Kaduna, ba a daɗe da tsige Balarabe Musa ba, muna zaune a shagon wani tela nan Ƙofar Soro da rediyo a tsakiyarmu, tela ya ɗauke ƙafa daga kan keke bai sake taka shi ba ranar. Mi ake ce mana a lokacin? Kwaminis, marasa addini, marasa kunya masu zagin sarakai. Alhali Malam Aminu Kano da muke bi tafsiri yake yi, ɗan gidan malamai ne, mu kuma da asuba tare ake ganinmu a sahu. Kafin mu 'yan NEPU sun sha abin da ya fi haka, bulala da ɗauri a kotun alƙali don kawai sun yi lacca. Duk wanda ke son a taɓa ka sai ya fara cire ka daga addini a bakin mutane, in ya gama wannan sauran aikin yaro ɗan shekara ashirin zai ƙarasa masa. Marigayi Dakta Bala Usman na Musawa ya yi ta faɗin wannan har ya koma ga Allah, cewa masu mulki ke juya mu da addini, aka ce shi ma ɗan gurguzu ne.

Shamsu mai waya: Baba Allah ya ƙara lafiya, wannan ko a makaranta ba a gaya mana ba

Maman Ilham: Abba tunda kai ɗan Daura ne bari in tambaye ka. Malam Ja'afar a ina aka haife shi?

Abba Daura: Daura mana Anti, wa bai san wannan ba. Allah ya jiƙan Malam

Maman Ilham: Amin. 13 ga Afrilu 2007, ranar Juma'a, yana limancin sallar asuba a masallacin Ɗorayi, ana gobe zaɓen gwamnoni. Ina gidan yayata a Kano ranar, na ga maza manya suna kuka a titi kamar yara. Shekara 17 kenan. Wa aka kama aka kai kotu aka yanke wa hukunci? Malam Albani Zariya kuma 1 ga Fabrairu 2014 aka tare shi a hanya bayan ya taso daga karatu, aka kashe shi da matarsa da ɗansa, Shekau ya fito a bidiyo yana alfahari. Shi ma Shekau ai cewa yake addini yake karewa, kuma a wurinsa Malam Albani ya bar hanya. To in ka yarda a yi shiru don wanda aka harbe ɗan gurguzu ne, da wane baki za ka yi magana ranar da mai bindigar ya ce malaminka ma bai isa Musulmi ba?

Abba Daura: Anti kada ki haɗa Malam da wancan mutumin dan Allah, ko kusa

Maman Ilham: Ban haɗa iliminsu ko darajarsu ba ƙanena. Yadda aka yi musu na haɗa.

Alhaji Kabir (admin): A yi a hankali jama'a. Wani ya turo sautin murya yanzu yana kiran wani ɗan gidan nan da sunan da bai dace ba, na goge. Wanda ya sake zan fitar da shi sai bayan sallah.

Barista: Na ji kafin a goge Alhaji, ba komai, na yafe. Amma ku duba fa, muna maganar yadda ake fara cire mutum daga addini sai ga shi an yi mini a nan take, ni da na fito daga asham yanzu. Abin da nake cewa ba wai a kori addini ba, wa ya isa a Katsina? Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa. Kuma kundin nan dai shi ya tanadi kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a sashe na 275. Gwamnati na da hukumar alhazai, tana ba da hutun sallah da Maulidi da Kirsimeti, tana ciyarwa da azumi. Wannan ba irin na Faransa ba ne da suka hana ɗalibai hijabi a 2004. Sashe na 10 ɗin da ake zagi shi ne garkuwar Bahaushen da ke sayar da albasa a Anaca ko Fatakwal, don ranar da aka ce kowace jiha ta zaɓi addininta to can ma za su zaɓa.

Malam Habibu: Barista a nan muka rabu. Ni ban yarda Musulmi ya ce addininsa bai da ta cewa kan yadda ake mulkinsa ba. Zakka hukuma ke karɓa, gado alƙali ke rabawa, riba haramun ce ko majalisa ta yarda ko ba ta yarda ba. Matsalata da dimokuraɗiyya ita ce ba ta da birki, in mutum 51 cikin 100 suka ɗaga hannu gobe haram ta zama doka. Kuma kada a manta tun 1978 a majalisar tsara kundin mulki wakilanmu suka fice kan maganar kotun shari'a ta tarayya, ba yau aka fara ba, kuma ba kyauta aka ba mu abin da muke da shi ba. Abin da na yarda da shi shi ne a bi ta hanyar hujja da ƙuri'a da majalisa tunda su ke gare mu, kamar yadda aka yi a 2000. Malam Ja'afar kansa ai ya yi wa Muhammad Yusuf raddi kan haramta boko da aikin gwamnati, kasa-kasai suna nan.

Baba Mamman: To Malam 2000 ɗin mi ta haifar? Ni na je Gusau da ƙafata lokacin ƙaddamarwar Yarima, na yi kabbara har muryata ta dushe, nan ma Malam Umaru ya sa hannu aka fara. An yanke hannun Jangebe kan saniya. Daga nan fa? Cikin jihohi 12 ɗin nan gwamna nawa ko kwamishina nawa aka kai gaban alƙalin shari'a kan kuɗin jama'a? Ko kansila ban ji ba. Ba shari'ar nake zargi ba Allah ya tsare ni, masu riƙe da ita nake nufi, sun ci zaɓe da ita sun ajiye.

Malam Habibu: Wannan gaskiya ne Baba, kuma mu malamai muna da kaso a laifin, mun yi tafsiri gwamna na zaune a sahun gaba ba mu faɗa masa ba. Amma in direba ya yi ganganci ba a cewa a daina hawa mota.

Maman Ilham: Ni abin da ya tsaya mini a rai daga lokacin shi ne shari'ar Amina Lawal. Kotun Bakori ta ce a jefe ta a 2002, ta Funtuwa ta tabbatar, duniya ta yi ca a kanmu, har wasu 'yan gasar sarauniyar kyau suka ce ba za su zo Najeriya ba. Amma wa ya sake ta? Ba Turawa ba ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ce a nan cikin garin Katsina, Satumba 2003, alƙalai 4 cikin 5, kuma da fiƙihun Malikiyya suka sake ta, suka ce tana da damar janye iƙirarinta, suka kawo maganar kwantaccen ciki tunda bazawara ce, suka ce alƙali ɗaya bai isa ya zauna kan irin wannan ba. Da a ce ranar farko an bar ta a hannun masu zafin kai da tuni an gama, ba ɗaukaka ƙara a kabari. Shi ya sa ni rigimar sekula ko ba sekula ba ba ta dame ni kamar wannan ba, a bar mutum da ransa har a gama sauraronsa.

Shamsu mai waya: Ni dai talaka ne ku yi haƙuri. Wanda ya tayar da juyin Tunisiyar ma ba mai tura baro ba ne yana sayar da kayan marmari aka ƙwace masa? Bai ce sekula ba bai ce shari'a ba, abinci yake nema. Yau ku je kasuwa ku tambayi tiyar gero. Mutanenmu na Batsari da Jibiya da Safana ba sa iya zuwa gona, ɗan bindiga in ya zo ba ya tambayar wace jam'iyya kake ko wane masallaci, jiya wata tsohuwa ta zo shagona a duba mata ko kuɗin da 'yan uwa suka haɗa na fansa sun shigo, ko karanta saƙon ba ta iya ba, ni na karanta mata. Ku manya kuna ta sashe kaza sashe kaza

Barista: Shamsu maganarka na kan hanya, sunansa Muhammad Bu'azizi, Disamba 2010 a Sidi Buzid. Amma abu ɗaya ne ai. Ƙasar da aka shiga ɗakin ministan shari'arta Bola Ige a Ibadan aka harbe shi a Disamba 2001 kuma har yau ba wanda ke ɗaure a kan haka, ita za ta bi wa manomin Batsari haƙƙinsa? Tunisiya da duk matsalarta bayan kisan nan biyu sun zauna, ƙungiyar ƙwadago da ta 'yan kasuwa da ta lauyoyi da ta kare haƙƙin ɗan Adam suka shiga tsakani, Ennahda ta sauka da kanta a Janairu 2014, aka yi kundin da sashe na 1 ya ce Musulunci ne addinin ƙasa, na 2 ya ce mulki na farar hula ne, na 6 ya hana kafirta mutane da tunzura jama'a. Har kyautar Nobel masu sulhun suka samu a 2015.

Malam Habibu: Ka ga wannan na 6 ɗin shi nake tsoro. Wa zai fayyace mene ne kafirtawa? Ɗan sanda? Gobe malami ya karanta babin ridda a littafi sai a ce ya tunzura jama'a a ɗauke shi. Kuma ƙarasa labarin mana Barista, ina kundin yake yanzu?

Barista: Shugaba Ƙais Sa'id ya rufe majalisa 25 ga Yuli 2021, ya kawo nasa kundin a 2022.

Malam Habibu: Gannushi fa, da ya haƙura da sa shari'a a kundi tun 2012, ya sauka daga mulki, ya raba jam'iyya da da'awa a 2016, duk abin da aka ce ya yi ya yi?

Barista: Yana tsare tun Afrilu 2023, cikin azumi aka je gida aka ɗauke shi yana da shekara 81.

Abba Daura: To kun gani. Abin da nake faɗa kenan tun ɗazu

Baba Mamman: Ba abin da kake faɗa ba ne yaro. Je ka duba waɗanda ke ɗaure tare da shi, akwai 'yan boko masu ra'ayin raba addini da mulki, har da matar nan Abir Musi da ta fi kowa ƙin jinin Ennahda, ita ma tana ciki. Sun shekara goma suna cin naman juna, da mutum ɗaya ya zo ya rufe majalisa rabinsu suka fito suna tafi don abokin gaba aka taɓa, kafin su farga an zo kansu. Mu ma haka muka yi tafi daren 31 ga Disamba 1983 don an kori NPN, da gari ya waye har da Rimi da sauran namu aka kwashe.

Abba Daura: Baba ni fa har yanzu ban yarda da tsarin mutumin nan ba kuma ba zan yarda ba. Amma na ji maganar Anti, wanda ya harbe shi azzalumi ne. Abin da ke ci mini rai yanzu wai su sun iya bin jinin ɗan gurguzunsu shekara 11, mu namu malamin da ya haddace Alƙur'ani aka kashe a cikin sallah ko fayil ɗin ba mai tambaya. Yaya Barista a doka lokaci ya wuce ne ko har yanzu ana iya tayar da maganar?

Barista: Laifin kisa ba ya tsufa a dokarmu, ko shekara nawa aka yi ana iya gurfanar da mutum in akwai hujja. Hurumin 'yan sanda ne da kwamishinan shari'a na jihar da abin ya faru, kuma kowa na iya rubuta takardar koke, ba sai dangi ba. In da gaske kake ka zo ofis bayan sallah mu tsara, amma ka sani sai an yi ta bibiya, takarda ɗaya ba ta motsa kowa.

Malam Habibu: In kun rubuta ku kawo in sa hannu, zan kuma yi wa wasu limamai magana. Maganar sashe na 10 kuwa ba mu gama ba Barista, turo mini shi da na 38 da na 275 ɗin ta akwatina in karanta da idona, don ban gamsu da fassarar da ka yi masa ba.

Barista: Zan turo yanzu Allah gafarta Malam, har da na 277 da ya iyakance hurumin kotun ga aure da gado da wasiyya da makamantansu, na san a nan za ka fi kama ni.